Waiwaye: Wa ke biyan kuɗin arahar manyan kantunan Akara?

Wata ranar Asabar a unguwar Nima da ke Akara, 'yar ƙanwata ta dawo daga aiki bayan isha'i, ta zube a tabarma, ta tsoma ƙafafunta cikin bokitin ruwan ɗumi. A wani babban kanti take aiki, irin waɗanda ake shiga a tura keken sayayya, kuma tun safe tana tsaye. Na ce mata, "Ku ba ku da ƙungiya ne a wurin?" Ta yi dariya ta ce, "Kawu, ai ni a takarda ba ma'aikaciyar kantin ba ce. Wani kamfani ne ya ɗauke mu ya kai mu can, wata biyar-biyar ake sa mana hannu." Uwarta ta ɗago daga bakin murhu ta ce, "Yaya, don Allah bar ta, kada ka jawo mata kora." Bokitin nan kuwa a kantin aka saye shi, don ya fi na kasuwa sauƙi.

Rigima da manyan kantuna ba baƙuwa ba ce a Gana, sai dai tun farko masu saye ne suka ja ta. Bayan yaƙin duniya na biyu kaya suka yi tsada, kamfanonin Turawa irin su UAC, mai kantunan Kingsway, suna haɗe a wata ƙungiya mai suna AWAM, jama'a na zarginsu da haɗa baki kan farashi. A ranar 26 ga Janairun 1948 wani basaraken unguwar Osu a Akara, Nii Kwabena Bonne, ya jagoranci ƙaurace wa kayansu. Ranar 28 ga Fabrairu, wato ranar da aka shirya janye ƙauracewar, 'yan sanda suka harbe tsoffin sojoji uku da ke tattaki zuwa fadar gwamna: Saja Adjetey, Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Gari ya kama da wuta, aka fasa kantunan Turawa da na 'yan Siriya da Labanan. Har gobe idan mutumin Akara ya ce abu "awam" ne, yana nufin cuta ce.

A lokacin uwar ƙungiyar ƙwadago, TUC, shekararta uku kacal, don a 1945 aka kafa ta, kuma ƙarfinta na hannun ma'aikatan jirgin ƙasa da na tashar jiragen ruwa a Sekondi da Takoradi. Ma'aikacin kanti ya sami rumfa mai faɗi ne bayan 'yancin kai. Dokar 1958 ta tattara ƙungiyoyi ƙarƙashin TUC, a 1960 aka kafa ICU ta ma'aikatan masana'antu da kasuwanci, gwamnatin Nkrumah kuma ta sayi kantunan Leventis ta gina kamfanin ciniki na ƙasa, GNTC, a kansu. Tsofaffinmu sun san zamanin da akawun kanti mutum ne mai albashi da hutu, wanda ake ba shi mata ba gardama. Amma ƙungiyar da gwamnati ta goya a bayanta, idan gwamnatin ta faɗi tare suke faɗuwa. Bayan faɗuwar Nkrumah, Firaminista Busia ya rushe TUC a 1971. Kafin nan, a Nuwambar 1969, ya ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasar, kuma duk wani Zango yana da labarin rumfunan da aka sayar a wulaƙance a wannan makon biyun.

Sauran labarin an san shi. Shekarun 1970 kantoci suka bushe, kalabule, wato ɓoye kaya da tsuga farashi, ya yi sarauta, a 1979 sojojin Rawlings suka rushe kasuwar Makola da sunan yaƙi da ɓoye kaya. Daga 1983 aka karɓi tsarin Asusun Lamuni na Duniya, aka buɗe ƙofar shigo da kaya, aka sayar da kamfanonin gwamnati, dubban masu katin ƙungiya suka koma talla da tuƙin tasi.

A cikin wannan sabuwar kasuwar aka haifi kantin araha irin na yau. Melcom ya fara a 1989, ya bazu har ya zama mafi yawan rassa a ƙasar. Shoprite da Game suka zo daga Afirka ta Kudu suka zauna a Accra Mall, daga baya Kumasi ma ta sami nata katafaren a Asokwa a 2017. Lissafin irin wannan kasuwanci a fili yake: a sayo kaya kwantena-kwantena ta tashar jiragen ruwa ta Tema, a ci riba kaɗan a kan kowane abu, a sayar da sauri. Mai kanti ba shi da iko a kan dala, ko kuɗin fito, ko wutar lantarki, ko haya. Abin da ya rage a hannunsa da zai iya matsewa shi ne albashi da yawan ma'aikata. Shi ya sa a ko'ina a duniya kantin araha da ƙungiyar ƙwadago ba sa ga maciji.

Babban misali Walmart ne, wanda Sam Walton ya kafa a Amurka a 1962. A shekarar 2000 mahautan wani reshensa a Texas suka zaɓi shiga ƙungiya, ba a jima ba kamfanin ya sanar da daina yankan nama a rassa da dama, ya koma nama ƙunsasshe. A Kanada ma'aikatan reshen Jonquière suka kafa ƙungiya, a 2005 aka rufe reshen, kamfanin ya ce ba ya kawo riba. Wannan ba labarin nesa ba ne, domin a 2011 Walmart ya sayi kashi 51 cikin ɗari na Massmart, uwar kantunan Game, wato ya shigo Akara da wata riga. A Afirka ta Kudu ƙungiyar ma'aikatan kantuna, SACCAWU, ta tsaya kai da fata, har hukuma ta gindaya sharaɗin ba za a rage ma'aikata ba tsawon shekara biyu, kuma ba za a taɓa matsayin ƙungiyar ba tsawon shekara uku. Sharuɗɗan a can suka tsaya. A ƙarshen 2022, lokacin da hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 54 cikin ɗari, Game ya rufe kantunansa a nan.

Abin mamaki, dokarmu ba laifi a takarda. Dokar ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, ta ce ko mutum biyu ne a wurin aiki ɗaya suna iya kafa ƙungiya. Ta ƙayyade awa takwas a rana, arba'in a mako, ta kafa hukumar sasanta rikicin ƙwadago. Ta kuma ce ma'aikacin wucin gadi da ya yi wata shida a jere a hannun mai aiki ɗaya, a ɗauke shi tamkar na dindindin. To ga asirin wata biyar ɗin da yarinyar nan ta faɗa. Dokar dai ita ce ta halatta kamfanonin da ke ɗaukar ma'aikata su ba wasu, kuma idan wanda ke ba ka umarni daban, wanda ke biyanka daban, da wa za ka zauna cinikin albashi? Ga shi kuma ita kanta ICU ta raba gari da TUC a shekarun 2000. Mafi ƙarancin albashi na 2025 sidi 19.97 ne a rana, kuma kowa ya san iya abin da wannan zai ɗauko a wurin mai wake da shinkafa kafin a zo maganar kuɗin trotro, wato motar haya.

A yi adalci, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai kantunan da ke ba da takardar albashi, suna zuba kason fansho na kashi 13 cikin ɗari a kan kashi 5.5 na ma'aikaci. Yaron rumfa a kasuwar Nima, ko 'yar kayaye da ke ɗaukar tasa a Agbogbloshie, ko a mafarki ba su ga wannan ba. Don haka uwar da ke cewa a yi shiru ba wauta take yi ba, ta san layin da ke jiran gurbin 'yarta.

Sau ɗaya ƙasa ta tsaya cak ta dubi ma'aikacin kanti: ranar 7 ga Nuwambar 2012, da benen da Melcom ke haya a Achimota ya rufta da safe, mutum 14 suka rasu. Shugaba Mahama ya dakatar da yaƙin neman zaɓe, aka yi kwanaki ana tonon ɓaraguzai, sannan magana ta koma kan izinin gini da ingancin siminti.

Muryar da ake ji a harkar kanti a yau ta GUTA ce, kuma ita ƙungiyar masu shaguna ce, ba ta yaransu ba. Makaminta dokar zuba jari ta 2013, wadda ta keɓe cinikin kasuwa da talla ga 'yan ƙasa, ta ce baƙon da zai yi ciniki ya zo da jarin dala miliyan ɗaya ya ɗauki 'yan Gana aƙalla 20. Da ita aka riƙa garƙame shagunan 'yan Najeriya a Circle ta Akara da Suame Magazine ta Kumasi a 2019. Babban kanti ya cika wannan sharaɗi cikin sauƙi, kuma dokar ta ƙirga mutum ashirin ne, ba ta tambayi wace irin takarda suka sa wa hannu ba.

Kwantiragin 'yar ƙanwata na uku zai ƙare a ƙarshen watan nan. An ce musu su zauna a gida mako biyu, za a kira su a waya.