Waiwaye: Alƙaluman wata uku-uku da jarin jihohin Najeriya

Duk bayan wata uku, idan Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta fitar da rahoton jarin da ya shigo daga ƙetare, kanun labarai kusan iri ɗaya ne: Legas ta kwashe kaso mafi tsoka, Abuja na biye, jihohi da dama ko sisi. Daga nan sai a hau gwamnoni da faɗa. Wasunsu sun cancanci faɗan, amma ba wannan rahoto ne hujjar ba.

Asalin alƙaluman daga Babban Bankin Najeriya suke. Mai shigo da kuɗi yana bi ta bankin kasuwanci, a ba shi takardar shaidar shigo da jari, wadda aka mayar ta intanet a 2017. Galibin manyan kamfanoni da bankuna hedikwatarsu na Legas, don haka kuɗin da za a gina masana'anta da shi a Kano ko Kaduna yana iya fitowa a layin Legas. Sannan mafi yawan abin da ke shigowa ba jarin kafa masana'anta ba ne. Kuɗi ne na sayen takardun lamunin gwamnati da hannayen jari, mai shigowa yau ya fice gobe. Shi ya sa jimlar take tsalle: kusan dala biliyan 24 a 2019, ƙasa da biliyan 4 a 2023. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya gina rumbun ajiya da kuɗinsa kuwa, ba ya cikin lissafin sam.

Ɓangaren kuɗin da jihohi ke kashewa tarihinsa daban. Jihohi na samun kashi 26.72 cikin ɗari daga asusun tarayya, ban da kashi 13 na jihohi masu mai. Da farashin mai ya faɗi a ƙarshen 2014, albashi ya gagari jihohi da yawa, har sai da gwamnatin Buhari ta kai musu ɗauki a 2015. A wancan lokaci da wuya ka ga takardar da ke nuna abin da jiha ta kashe kafin shekara ta ƙare. Shirin SFTAS na Bankin Duniya, mai tallafa wa jihohin da ke bayyana yadda suke sarrafa kuɗinsu, wanda ya fara a 2018 da dala miliyan 750, shi ya sa wallafa rahoton aiwatar da kasafi duk wata uku ya zama sharaɗin samun tallafi.

Karanta rahotannin sai da lura. Albashi yana tafiya bai-ɗaya duk shekara. Kuɗin manyan ayyuka kuwa yakan yi ƙasa a rubu'in farko saboda ana kan tantance 'yan kwangila, damina ta rage aikin hanya a na uku, sannan a yi ta biya a gurguje a na huɗu. Wanda ya gwada Janairu zuwa Maris da Oktoba zuwa Disamban da ya gabace shi zai ɗauka an yi faɗuwa. Gwajin da ya dace shi ne da rubu'i irinsa na bara.

Tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da sakin naira a Yuni don kasuwa ta tsayar da darajarta, kason jihohi ya kumbura a takarda. Kafin a kira shi ƙarin aiki, sai an cire hauhawar farashi, a duba buhunan siminti da litocin dizal nawa kuɗin ke saya yanzu.