Mene ne allon kwatance, kuma me ya raba shi da sayinbod?

Allon kwatance shi ne allon da ake kafawa a bakin babban titi, daidai kwanar wani layi ko lungu, ɗauke da sunayen shaguna da kibiya tana nuna ciki, don mai wucewa ya san akwai masu sana'a a bayan ginin da yake gani. Mutane da yawa suna haɗa shi da sayinbod, alhali aikinsu daban ne. Sayinbod ɗin saman ƙofar shago sai ka iso ƙofar kake ganinsa, shi kuwa allon kwatance tarar ka yake yi a inda ka tsaya kana shawarar in miƙe ne ko in karya kwana.

Mai yawon sayayya a tsakiyar gari jama'a yake bi, inda ya ga cinkoso nan yake nufa. Wanda ya kama shago a fuskar titi ya biya haya mai tsada amma kowa na ganinsa, na cikin layi kuma wataƙila taku talatin ne tsakaninsu, ga kaya masu kyau ga sauƙin farashi tunda hayarsa ba ta kai ta na gaba ba, amma sai ya wuni yana hangen mutane suna giftawa ta bakin layi ba wanda ya leƙo. Akwai telan da nake kai wa ɗinki a wani lungu a Kano, wallahi rabin katinsa a kwatance yake ƙarewa. "Kin ga transfoma? Toh ki wuce ta, ga mai POS nan a hannun dama, ki tsaya nan zan turo yaro." Yana magana ƙafarsa na kan keke. Wannan wadda ta riga ta san da shi ce ma fa, ta samu lambarsa, wadda ba ta taɓa jin labarinsa ba ai ta wuce kenan.

Masu tsara birane sun daɗe da ɗaukar gane hanya a matsayin ilimi mai zaman kansa. Wani Ba'amurke mai suna Kevin Lynch ya yi nazarin yadda mutanen Boston da Jersey City da Los Angeles suke riƙe taswirar garinsu a ka, ya fitar da sakamakon a 1960, inda ya nuna mutum yana dogara ne da abubuwa kamar hanyoyi, mahaɗa, unguwanni da fitattun alamomi. Mu ma haka muke kwatance, bayan masallacin Juma'a, daura da gidan mai, ƙarƙashin dalbejiya. Matsalar dai ita ce baƙo bai san su ba, kuma ranar da aka sare bishiyar kwatancen ya rushe.

A Landan hukumar sufurin birnin ta fara kafa irin waɗannan alluna na masu tafiya a ƙasa a 2007, a yankin Bond Street da ake hada-hadar sayayya. Dogaye ne, samansu ruwan ɗorawa da hoton mutum yana tafiya. Abin da ya fi burge ni shi ne taswirar jikinsu tana fuskantar inda kai ka fuskanta, abin da ke gabanka shi ne a sama, ba sai ka tsaya neman ina ne arewa ba, sannan an zana da'ira biyu, ɗaya ta tafiyar minti 5 ɗaya ta minti 15. New York ma ta kawo nata a 2013. Su waɗannan tituna da manyan wurare suka fi nunawa. Na shaguna kai tsaye ana ganinsa a wasu ƙananan garuruwan Amurka, ƙarfe ɗaya a kwana, kowane shago da ɗan fallensa, in wani ya tashi a kwance nasa a ɗaura na wanda ya shigo.

Nan ne nake ganin muke kuskure. Kowa na cikin layi sai ya je wajen mai fenti ya yo nasa allon ya jingine a bakin titi, guda goma sha a wuri ɗaya, wani ya rufe wani, sun tare hanyar ƙafa, iska ta kayar da wasu, ido ya rasa wanne zai karanta, mai adaidaita ma bai ga inda zai sauke fasinja ba. In 'yan layin suka haɗa kuɗi suka yi guda ɗaya mai kyau ya fi musu araha kuma ya fi jan kwastoma. Sai dai a nemi izinin hukuma tukunna, a Legas ma akwai hukuma guda, LASAA, da aka kafa a 2006 don kula da alluna da tallace-tallacen waje.

Rubutun ya zama babba, sunaye kaɗan, kuma a sa sana'ar ba sunan shago kawai ba, don baƙo "atamfa da leshi" ko "gyaran waya" yake nema. A rubuta da Hausa, a ƙara hoto saboda wanda bai yi boko ba, almakashi ga tela, takalmi ga mai takalma. Kibiyar ta nuna daidai, in layin ya sake rabuwa a ciki a ƙara ƙarami a wurin, don wanda ka jawo ya shiga ya ɓata ba zai kuma dawowa ba. Sannan a samu mutum ɗaya a cikin 'yan layin da zai riƙa dubawa, ya cire sunan wanda ya tashi, ya sabunta fenti bayan damina.