Yadda faɗa-wuta ke gano shukar da take nema

Faɗa-wuta 'yar'uwar malam-buɗe-littafi ce, sai dai galibin nau'o'inta da dare suke fita. Babban aikin macen shi ne samo shukar da za ta zuba ƙwai a kai. Ƙaramar tsutsa ba ta iya tafiya mai nisa, don haka idan uwa ta yi kuskuren ganye, 'ya'yan sun halaka.

Daga nesa, ƙamshi ne jagora. A kanta akwai ƙahonni biyu sirara, lulluɓe da ƙananan gasu masu kama sinadaran da ganye ko fure ke saki cikin iska. Da zarar ta ji wanda take so, sai ta fuskanci inda iskar ke fitowa ta bi. In ƙamshin ya yanke, takan yi ta kai-komo dama da hagu har ta sake cin karo da shi.

Idan ta matso, ido ke karɓar aikin. An fi nazarin wannan a kan wata faɗa-wuta da ake kira Manduca sexta, mai shan ruwan furen Datura wrightii, 'yar'uwar zaƙami, a hamadar Arizona ta Amurka. Furen fari ne fat, da almuru yake buɗewa. A 2002, masu bincike Robert Raguso da Mark Willis sun nuna cewa ƙamshi kaɗai yakan jawo ta, amma ba ta miƙa dogon bakinta ta sha sai ta ga furen kuma ta ji ƙamshinsa. A shekarar ce kuma Almut Kelber da abokan aikinta a Jami'ar Lund ta Suwidin suka tabbatar cewa wata faɗa-wutar, Deilephila elpenor, na bambance launi da hasken taurari kawai, lokacin da idon mutum ba ya ganin launi sam. Abin mamaki ne ƙwarai ga halitta ƙarama haka.

Kafin ta zuba ƙwai, macen takan taɓa ganyen da ƙafafunta, domin a nan take ɗanɗano.

Wannan ilimi ya amfani manoma. A Kenya, cibiyar binciken ƙwari ta icipe ta ɓullo da dabarar shuka Desmodium, wani tsiro dangin wake, tsakanin kunyoyin masara, ƙamshinsa na korar faɗa-wutar da tsutsarta ke huda kara, ciyawar Napier da aka kewaye gonar da ita kuma tana jawo ta. Can take zuba ƙwan, kuma yawancin tsutsotsin ba sa rayuwa a kanta.