Waiwaye: Yadda Aka Gano Lokacin da Ƙarfe Ya Nutse a Cikin Duwatsun Sama

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwane a Panteka, nan Kaduna, ya ga yadda narkakken ƙarfe ke kwantawa a ƙasa, dattinsa kuma ya taso sama a kwashe. Makamancin haka ya faru a cikin ƙananan duniyoyin dutse da ake kira astiroid: zafi ya narkar da su, ƙarfe ya gangara ya taru a cibiya, dutse ya rage a waje. Da yawa daga cikin ɓaraguzan ƙarfen da ke faɗowa daga sama gutsattsarin wannan cibiyar ne, kuma abin da ya daɗe yana yi wa masana wuya shi ne sanin lokacin da rabuwar ta auku.

A 1955 Harold Urey ya kawo shawarar cewa aluminiyam-26, wani nau'in aluminiyam da ke rikiɗewa a hankali yana fitar da zafi, shi ne tushen zafin, sai a 1976 aka samo shaidarsa a dutsen Allende, wanda ya faɗo a Meziko a 1969. Da yake rabin wannan nau'in aluminiyam kan ƙare cikin shekara kusan dubu 700, ashe narkewar ba ta jima ba. Amma hasashe daban, agogo daban.

Agogon da ya fi amfani shi ne hafniyam-182, wanda rabinsa kan rikiɗe ya zama tangistin-182 cikin shekara miliyan 8.9. Hikimar abin ita ce hafniyam abokin dutse ne, tangistin kuwa ƙarfe yake bi, saboda haka da zarar ƙarfe ya nutse, sabon tangistin-182 ya daina shiga cikinsa. Ƙarancinsa a jikin gutsuren ƙarfe shi ke nuna cewa rabuwar ta zo da wuri.

Hanyar dai ba ta miƙe ba. Awon tsakiyar shekarun 1990 da aka yi da wannan agogo ya nuna kamar cibiyar Duniyarmu ta makara wajen samuwa, har sai a 2002 rukunoni uku na masana suka sake awo, kowanne da kansa, lissafin ya dawo kusan shekara miliyan 30 bayan samuwar rana da duniyoyinta. Wata matsalar ma ta fi wannan: wasu gutsattsarin ƙarfen sun nuna kamar sun girmi wani farin ma'adini da ke ɗigo-ɗigo a cikin Allende, alhali shi ne abu mafi tsufa da aka sani cikin abubuwan da suka daskare a kewayen rana, mai shekara miliyan 4,567. Daga baya aka tabbatar cewa hasken kozmik, wato ƙananan ƙwayoyi masu tsananin gudu da ke ratsa sararin samaniya, shi ne ya gurɓata tangistin ɗin a tsawon yawon da duwatsun suka yi a sarari.

A ganina, nan ne aka yi aikin da ya fi cancantar yabo. Thomas Kruijer da abokan aikinsa a Jamus sun ɗauki filatinam a matsayin ma'aunin wannan gurɓatar, suka cire ta daga lissafi, sannan a 2014 suka bayyana cewa cibiyoyin sun samu ne tsakanin ƙasa da shekara miliyan 1 zuwa kimanin miliyan 3 bayan wancan farin ma'adini. A 2017 suka nuna cewa duwatsun gida biyu ne, na kusa da rana sun riga na nesa narkewa, suka kuma danganta rabewar gidajen da haɓakar Jufita, duniya mafi girma cikin masu kewaya rana.