Kisa ba da niyya ba: yadda dokar Nijar ke auna shi

Idan mota ta kaɗe mutum a Yamai ya rasu, ko aka yi faɗa a kasuwar Tawa wani ya faɗi bai tashi ba, abin da ake fara ji a bakin mutane shi ne: ai ba da gangan ya yi ba. Kotu ba ta tsayawa a nan. Kundin hukunta laifuffuka na Nijar, doka mai lamba 61-27 ta 15 ga Yuli 1961, wanda aka yi wa babban gyara a 2003, ya raba rashin niyya gida biyu, kuma tazarar da ke tsakaninsu shekaru ne masu yawa a kaso.

Na farko shi ne kisan kuskure, wanda aya ta 272 ta yi magana a kansa. Mutum bai nufi kowa da sharri ba, amma rai ya salwanta ta dalilin rashin ƙwarewarsa, ko ganganci, ko rashin lura, ko sakaci, ko ƙin bin ƙa'ida. Direban da ya san birkinsa ya lalace ya hau hanya, ɗan kabu-kabun da ya keta jar wuta, mai ginin da ya bar rami buɗe a unguwar da yara ke wasa, duk suna iya faɗawa nan. Dole ne mai shigar da ƙara na gwamnati ya nuna laifin, ya kuma nuna cewa shi ne ya jawo mutuwar. Ko da mamacin ma ya yi nasa sakacin, wannan ba ya wanke direba, sai in sakacin mamacin kaɗai ne sanadi. Hukuncin da kundin ya tanada shi ne ɗaurin wata 3 zuwa shekara 3 da tarar jika 20 zuwa jika 200. Maye da gudu bayan hatsari suna ƙara masa nauyi. Direban da ya ji tsoron taron jama'a, ya wuce kai tsaye zuwa komisariya ko wurin jandarmomi mafi kusa, kada ya tafi gida.

Na biyu ne ya fi yawan ruɗa mutane. Wanda ya kai duka da saninsa, ko da mari ɗaya ne ko ture, aka yi rashin sa'a wanda aka daka ya mutu, ba kisan kuskure ya yi ba a idon doka. Dukan da gangan ya yi shi, mutuwar ce bai nufa ba. Aya ta 222 ta sa wannan cikin manyan laifuffuka, da ɗaurin shekara 10 zuwa 20, kuma sai alƙali mai bincike ya bi diddigin lamarin kafin a je gaban sashen kotu mai shari'ar manyan laifuffuka. In kuwa an tabbatar da niyyar kisa, ɗaurin rai da rai ne.

Alƙali ba ya ganin zuciya, don haka niyya daga alamu ake gano ta: abin da aka yi dukan da shi, inda aka daka a jiki, sau nawa, da kalaman da aka furta kafin faɗan. Sanda a ƙafa sau ɗaya ba daidai take da wuƙa a ƙirji ba. A nan takardar likita mai bayyana sanadin mutuwa ke da matuƙar amfani. Mu mutane ne masu gaggauta sutura, kuma haka addini ya koyar, amma a daure a samu wannan takarda kafin a kai mamaci makwancinsa. Rashinta yana cutar da iyalan mamaci, yana kuma iya cutar da wanda ake tuhuma idan wata cuta ce ainihin ajalin.

Wanda aka kama, ana iya riƙe shi awa 48 don bincike, mai shigar da ƙara na iya ƙara wasu 48. Yana da haƙƙin neman lauya tun yana cikin wannan riƙo. Bayanin da 'yan sanda ke rubutawa da Faransanci yake, kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa sai an fassara masa jimla bayan jimla. Bambancin "na ture shi" da "mun yi karo" ya isa ya sauya ayar da za a tuhume shi da ita. Marar halin ɗaukar lauya ya nemi hukumar ANAJJ mai taimakon talakawa a harkar shari'a.

Sai batun yafiya. Dattawa su sasanta, iyalai su ce sun bar wa Allah, abu ne mai kyau, alƙali ma yana iya la'akari da shi wajen sassauci. Amma ba ya tsayar da ƙara, domin ƙarar laifi a hannun gwamnati take. Abin da ke hannun iyali shi ne neman diyya, kuma abin takaici ne yadda ake yafe haƙƙin marayu saboda kunya, alhali a hatsarin mota kamfanin inshora ne ke biya bisa dokar CIMA, wato dokar inshora ta haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka, da Nijar ke bi. Magada su tanadi rahoton hatsari na 'yan sanda ko jandarmomi, takardar mutuwa, takardar shaidar gado da takardun haihuwar yara. Wanda hukunci bai gamsar ba, kwana 10 gare shi ya ɗaukaka ƙara.