Maganar hannu tana hana yaro kurma koyon maganar baka?

Idan muka fara masa da maganar hannu, ba zai yi kasalar buɗe baki ba?

Wannan fargabar ce ta fi damun iyaye, kuma ba laifinsu ba ne: fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne. Tsoron ma tsoho ne. A taron malaman kurame na birnin Milan na Italiya a 1880 aka yanke cewa da baki kaɗai za a riƙa koyarwa, aka kori hannu daga azuzuwa, sai a 2010 taron ya janye wannan hukunci a Kanada. Wani bincike na 2014 a Amurka ya duba yara kurame da suka tashi da maganar hannu tun daga goyo, aka kuma dasa musu na'urar ji. Turancinsu na baka bai gaza na tsararrakinsu masu ji ba. Yaran ba su da yawa, amma sakamakon ya ƙaryata zargin kasala. Abin da ke yi wa yaro illa ta gaske shi ne ya shafe shekarunsa na farko ba shi da kowane harshe, ana jiran ranar da bakinsa zai buɗe.

To ta ina hannu ke taimaka wa baki?

Yaron da ya san alamar ruwa ya riga ya san cewa kowane abu yana da suna. Malama sai ta yi alamar, ta nuna masa leɓenta, ta ɗora tafinsa a maƙogwaronta ya ji rawar murya, sannan ta mayar da tafin kan nasa maƙogwaron. Idan ya kuskure, akwai harshen da za a yi masa gyara da shi. Karanta leɓe kaɗai ba ya isa. Tsaya gaban madubi ka ce "baba", ka ce "mama" ba tare da sauti ba, ka ga ko za ka bambance. Karin sauti kuwa ko kaɗan ido ba ya ganinsa.

Na'urar ji ba ta wadatar ba?

Tana taimakawa ƙwarai, amma ba ta mayar da ji kamar na kowa. Ana cire ɓangarenta na waje lokacin barci, batir yana mutuwa, hayaniyar aji tana rikita sauti.

A aji ana yin harsunan biyu lokaci guda ne?

Gwara a ba kowanne lokacinsa. Tun 1960 masanin harshe William Stokoe ya nuna cewa maganar hannu ta Amurka harshe ce mai nahawunta. Wanda ke magana da baki da hannu a tare yakan tauye ɗaya, galibi hannun. Suwidin, wadda ta amince da maganar hannunta a 1981, ta sa ta zama harshen koyarwa, rubutu ya biyo baya, horon furuci kuma gwargwadon jin kowane yaro.

Yaushe ya kamata a fara?

Ƙa'idar likitoci a Amurka ita ce a gwada ji kafin wata 1, a tabbatar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Hannu kuwa ba ya jiran tiyatar dasa na'urar ji.

Kowane yaro zai yi magana a ƙarshe?

A'a. Ya danganta da sauran jin da yake da shi, da lokacin da ya samu na'ura, da yawan hirar da ake yi da shi a gida. Wani zai riƙe waya ya yi hira, wani kalmomi kaɗan zai furta, ya dogara da hannu da rubutu.