Saukar da ƙaramin jirgi cikin iskar gefe da ƙanƙarar hunturu

Iskar gefe ita ce wadda ke bugun jirgi ta haƙarƙari maimakon ta zo masa ta gaba, kuma ƙananan jirage irin su Cessna 172 sun fi jin jiki da ita lokacin sauka, don ba su da nauyi, da ta taɓa su sai su bi ta.

Matuƙi yana fara lissafi tun yana sama. Titi mai lamba 27 yana fuskantar digiri 270 ne, to in iska na tasowa daga 300 da ƙarfin not 20 (not ɗaya kusan kilomita 1.85 ne a awa), tazarar digiri 30 ke nan, rabin iskar ne ke bugun gefe, wato not 10. In tazarar ta kai 60 kuwa ya haura 17. Littafin Cessna 172 not 15 ya rubuta a matsayin iskar gefe mafi ƙarfi da aka sauka da shi a cikinta, amma fa wannan abin da matuƙin gwaji ya nuna ne, ba iyakar doka ba, kuma ba alkawari ba ne cewa kowa zai iya.

Dabara biyu ce. Akwai tafiyar ƙaguwa, a karkata hancin jirgi wajen iska yana gangarowa a kaikaice, daf da ƙasa a taka feda (matakin ƙafa mai juya hancin jirgi hagu ko dama) a miƙe shi. Akwai kuma kwantar da fiffike, a sauke na ɓangaren iska kaɗan, a taka fedar ɗaya gefen don hanci ya tsaya saitin layin tsakiya, tayar ɓangaren iska ta fara taɓa ƙasa, sai ɗayar, sai ta gaba. Ga ƙaramin jirgi ta biyun ta fi, don tayarsa ba ta son dira a karkace. In iska na zuwa tana lafawa, misali 15 tana tsalle zuwa 25, ana ƙara rabin bambancin a kan gudun sauka, not 5.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne bayan taya ta taɓa, mutum ya saki jiki ya mayar da sitiyari tsakiya, alhali yanzu ne ya kamata ya ƙara murza shi wajen iska yayin da gudu ke raguwa, in ba haka ba fiffike ya ɗaga ko jirgi ya juya hanci ya bar titi, masu taya a wutsiya ma har wulwulawa suke yi.

Hunturu kuma ƙara dagula lamarin yake, don taya ce ke riƙe jirgi kada iska ta ture shi, a kan ƙanƙara kuwa ba riƙo, iskar da ba komai ba ce a busasshen titi sai ta zame da shi, birki ma taka shi da ƙarfi kulle taya yake. Shi ya sa ake ba titi maki daga 6 zuwa 0, busasshe 6, ƙanƙara 1, jiƙaƙƙiyar ƙanƙara 0. In ƙanƙara ta kama fiffike a sama jirgin kan daina ɗaukar kansa tun gudu bai ragu sosai ba, sai a sauko da ƙarin gudu a rage filaf, wato ɓangaren bayan fiffike da ake saukewa lokacin sauka. Dusar ƙanƙara da farin gajimare suna ɓatar da ido a kasa gane nisan ƙasa, agogon tsayi kuma a tsananin sanyi yana nuna sama da inda jirgi yake. In feda ta ƙure hanci bai miƙe ba, sai a ba inji wuta a tashi a sake zagayowa, ko a nemi wani titin da ya fi fuskantar iskar.